Wankin Ɗanyen Hoto: Nasiha ga Matasa Masu Sana'ar Ɗaukar Hoto

Tun zamanin da ake ɗaukar hoto da fim, masu sana'ar sun san cewa aikinsu kashi biyu ne, wato ɗauka da wanki, kuma sun san cewa fim ɗaya yana iya fitar da hoto mai kyau a hannun wani mai wanki, ya fitar da dusasshe a hannun wani. Zuwan kyamarar zamani bai kawar da wankin ba, illa dai ya ɗauke shi daga ɗakin duhu da tasoshin sinadari ya mayar da shi cikin kwamfuta, inda manhaja, wato tsarin umarnin da ke sarrafa na'ura, take yin aikin da ruwan magani yake yi a da. Abin da ake wankewa a yau shi ne ɗanyen hoto, wanda kyamarori suke rubuta sunansa da RAW a jerin zaɓinsu, kuma ma'anarsa ita ce ainihin ƙididdigar hasken da ya faɗa cikin kyamara, kafin a yanke hukunci a kan launinsa ko haskensa ko duhunsa. Matashin da ya shiga wannan sana'a yana buƙatar ya fahimci cewa wannan hukunci nasa ne, domin shi ne ya tsaya a wurin ya ga abin da aka ɗauka, kuma zaɓen manhaja da daidaita haske hanyoyi ne kawai na zartar da hukuncin.

Fahimtar ɗanyen hoto tana farawa daga farantin da ke cikin kyamara, wanda yake ɗauke da miliyoyin ƙananan ɗigo masu auna haske. Kowane ɗigo yawan haske kaɗai yake iya aunawa, ba ya gane launi, saboda haka aka shimfiɗa a kan farantin wata rariyar launuka da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya ƙirƙiro, aka yi mata rajista a 1976, inda a cikin kowane ɗigo huɗu biyu suke karɓar kore, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Ke nan kowane ɗigo launi ɗaya ya sani cikin ukun da ake buƙata, sauran biyun kuwa sai manhaja ta ƙiyasta su daga maƙwabtansa, kuma kowane kamfani yana da nasa lissafin na yin wannan ƙiyasi. Haka nan ɗanyen hoto yakan adana haske a matakai 4,096 ko 16,384 ga kowane ɗigo, gwargwadon ƙarfin kyamarar, alhali hoton JPEG, wato gamammen hoton da kyamara take wankewa da kanta nan take, matakai 256 kawai yake da su ga kowane launi. Wannan rata ita ce dalilin da ya sa ake iya ɗaga duhun ɗanyen hoto ko a sauya launinsa ba tare da ya farfashe ba, ita ce kuma dalilin nauyinsa, domin na kyamara mai ɗigo miliyan 24 yakan kai megabait 25 zuwa 30.

Daga nan ake gane wani abu da yake rikita masu koyo, wato bambancin da ke tsakanin hoton da suka gani a bayan kyamara da wanda ya bayyana a kwamfuta. Hoton bayan kyamara ƙaramin JPEG ne da kyamarar ta wanke da salon kamfaninta ta cusa a cikin ɗanyen fayil, kuma da zarar an buɗe fayil ɗin a manhajar wani kamfani, sai ta ajiye wancan gefe ta yi nata wankin, shi ya sa ake ganin launi ya sauya cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ɗanyen hoto ba shi da kama tasa ta kansa, kamar yadda farin ƙyalle ba shi da launi sai marini ya tsoma shi a baba, kuma idan aka buɗe fayil ɗaya a manhajoji huɗu za a ga hotuna huɗu mabambanta, babu wanda za a ce shi ne na asali a cikinsu.

Manhajojin da ake da su sun kasu gida uku. Gida na farko shi ne na kamfanonin kyamara, waɗanda suke bayarwa kyauta ga mai kyamararsu, irin su Digital Photo Professional na Canon mai buɗe fayilolin CR2 da CR3, da NX Studio na Nikon mai buɗe NEF, da Imaging Edge na Sony mai buɗe ARW. Falalarsu ita ce suna fitar da launi daidai da abin da aka gani a bayan kyamara, tun da gida ɗaya ne ya yi su, rauninsu kuwa shi ne nawa wajen aiki da ƙarancin kayan tsara dubban hotuna. Gida na biyu na kuɗi ne, kuma mafi shahara a cikinsa shi ne na kamfanin Adobe, wanda ya fitar da Camera Raw a 2003 da Lightroom a 2007, waɗanda injin wankinsu ɗaya ne, sannan daga baya ya koma tsarin haya inda ake biyan kuɗi wata-wata. A wannan gida akwai Capture One da ya fito daga Danmak, wanda masu aikin situdiyo suke so saboda kyawun sarrafa launi da kuma yadda ake haɗa kyamara da kwamfuta da waya hoto ya riƙa faɗowa kai tsaye, akwai kuma DxO PhotoLab na Faransa, wanda ya yi suna wajen gyara karkatar gilashin kyamara da share tsakin da ke fitowa a hoton da aka ɗauka cikin ƙarancin haske. Gida na uku shi ne na manhajojin da masu sa kai suke ginawa suna rabawa kyauta ga kowa, manya a cikinsu su ne darktable da RawTherapee, waɗanda ba su gaza na kuɗi a ingancin wanki ba, sai dai koyonsu yana buƙatar haƙuri saboda yawan maɓallansu.

Ma'aunin zaɓi a tsakanin waɗannan ya kamata ya fito daga halin da mai hoto yake ciki. Tambaya ta farko ita ce ko manhajar ta san fayil ɗin kyamararsa, domin tsohuwar manhaja ba ta buɗe ɗanyen hoton kyamarar da ta fito bayanta, ko da yake ana iya juya fayil ɗin zuwa DNG, wato tsarin bai ɗaya da Adobe ya fitar a 2004, da wata ƙaramar manhaja ta kyauta. Ta biyu ita ce ƙarfin kwamfutarsa, saboda sababbin kayan share tsaki masu aiki da ƙirƙirarriyar basira suna iya cinye mintuna a kan hoto ɗaya a tsohuwar kwamfuta, kuma wanda yake aiki da cajin batir ko man janareta ya san tsadar minti. Ta uku ita ce yawan aikinsa, domin mai ɗaukar biki da yake dawowa da hoto dubu daga kamu da ɗaurin aure da yinin biki yana buƙatar manhajar da za ta kwafi gyaran hoto ɗaya ta shimfiɗa shi a kan ɗari, alhali mai ɗaukar hoton gine-gine ko kayan talla, wanda yake zama a kan hoto goma, ya fi buƙatar zurfin sarrafawa. Ta huɗu ita ce kuɗi, kuma a nan ya kamata a yi daidai ruwa daidai tsaki, domin hayar da ake biya da kuɗin waje nauyi ce da ke dawowa kowane wata ko an samu aiki ko ba a samu ba. Satacciyar manhaja kuwa, wadda aka fasa makullinta ake yawo da ita a filashi, ban da haƙƙin masu ita, takan zo da ƙwayar cutar kwamfuta da ke iya kulle ko lalata hotunan mutane, kuma tun da akwai ta halal kyauta, babu uzurin da ya rage ga mai amfani da ita.

Bayan zaɓi sai tsayawa, domin taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda yake tsalle daga wannan manhaja zuwa waccan duk lokacin da ya ga wani ya yaba wata, zai shekara bai san halin ko ɗaya ba. Duk da haka ya kamata ya san cewa gyaran da ya yi a wata manhaja ba ya bin sa zuwa wata, saboda gyaran jerin umarni ne da ake ajiyewa a kundin manhajar ko a wani ƙaramin fayil mai suna XMP da ke zama kusa da hoton, kuma kowace manhaja nata umarnin kaɗai take fahimta sosai. Masu amfani da manhajar Aperture ta kamfanin Apple sun ga haka lokacin da aka sanar da daina raya ta a 2014, don haka hikima ita ce a riƙa fitar da gamammen kwafi mai inganci na duk hoton da aka kammala, a ajiye shi tare da ɗanyensa.

Daidaita haske kuwa tun wurin ɗauka yake farawa, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Masu hoto suna auna haske da mataki, kuma mataki ɗaya yana nufin ninki biyu na haske. Kyamarar zamani mai kyau tana iya riƙe kimanin mataki 12 zuwa 14 tsakanin mafi duhu da mafi haske, amma idan haske ya cika ɗigo har ya tumbatsa, wurin ya ƙone ke nan, kuma babu manhajar da za ta dawo da zanen da ba a rubuta ba. A ɗaya gefen, hoton da aka ɗauka da duhu sosai, idan aka ɗaga shi, yakan fito da tsaki-tsaki da launi mai datti, saboda hasken da ya isa wuraren duhu kaɗan ne. Ƙa'idar ita ce a ba hoto haske gwargwadon abin da zai ɗauka ba tare da muhimman wurare masu fari sun ƙone ba, kuma abin da ke taimakawa a nan shi ne jadawalin haske, wanda ake kira histogiram, zane mai kama da tudu da ke nuna yawan ɗigo masu duhu a hagu da masu haske a dama, ta yadda idan tudun ya hau bangon dama ya manne, to an yi asarar fari.

A cikin manhaja, aiki yana da jeri, kuma wanda ya saɓa jerin yakan maimaita aiki sau biyu. Ana farawa da tsarin launi, wato tushen da manhaja take ɗora hoton a kai, kuma ga fuskar mutum tsari mai sanyi, irin wanda ake wa laƙabi da na tsaka-tsaki ko na hoton mutum, ya fi na shimfiɗar ƙasa dacewa, domin wannan yana ƙara cizon launi har fata ta yi ja. Daga nan sai daidaiton fari, wato gaya wa manhaja launin hasken da aka ɗauki hoton a cikinsa domin fari ya fito fari. Ana auna wannan da ma'aunin Kelbin, inda hasken rana tsaka yake wajen 5,500, tsohon ƙwan lantarki mai ja yake wajen 3,000, inuwa kuma takan kai 7,000 ko fiye, sannan akwai maɓalli na biyu da ke karkata hoto tsakanin kore da ruwan hoda, wanda yake da amfani a ƙarƙashin dogon ƙwai da wasu fitilun caji masu zuba kore a fuska. Hanya mafi aminci ita ce a ɗauki kati mai launin toka a hoton farko na kowane wuri, a taɓa shi da ma'aunin manhaja, domin dogaro da farar riga yana da haɗari, tun da yawancin fararen yadi suna da ɗan shuɗi daga masaƙa ko daga bulan wanki, kuma idan aka tilasta musu zama fari tas sai fuska ta koma rawaya.

Babbar jarrabawar mai wankin hoto a ƙasar Hausa ita ce baƙar fuska a cikin farar shadda, musamman da hantsi a filin Idi ko a ƙofar masallaci bayan ɗaurin aure. Ma'aunin kyamara an gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani zuwa matsakaicin toka, saboda haka idan fararen kaya suka cika hoto sai ya rage haske, shaddar ta dushe, fuskar kuma ta nutse, ga inuwar hula ko rawani a kan ido. Kuskuren mai koyo shi ne ya ja maɓallin inuwa har ƙarshe, ya ja na wurare masu haske har ƙarshe ta ɗaya gefen, sai hoton ya fito a daskare, fuska ta yi toka-toka, rigar ta yi kama da wadda ta sha ƙura. Abin da ya fi shi ne a fara daidaita hasken hoton gaba ɗaya a kan fuska, domin ita ce abin da mai kallo yake nema, sannan a sauke wurare masu haske kaɗan-kaɗan har zanen shaddar da aikin wuyan rigar su bayyana, a tsaya a nan. Bayan haka sai a kafa iyakoki biyu, wato inda fari ya ƙare da inda baƙi ya ƙare, a bar ɗan baƙi na gaske a wuraren da babu abin gani, domin hoton da ba shi da baƙi ba shi da nauyi. Idan fuskar ta ci gaba da neman haske, sai a yi mata gyaran keɓe, wato a zagaye ta ita kaɗai a ƙara mata sulusi ko rabin mataki, ta yadda ba za a ga sawun hannu ba.

Akwai dalilin tarihi da ya sa bai kamata a amince da abin da manhaja ta bayar da kanta a kan baƙar fata ba. Shekaru da yawa kamfanin Kodak yana raba wa gidajen wanki wani katin gwaji da aka sani da katin Shirley, mai ɗauke da hoton mace farar fata, wanda da shi ake daidaita injinan buga hoto, kuma sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Kayan yau sun fi na wancan zamani nesa ba kusa ba, amma shiryayyun salon gyara da ake saukewa daga intanet, waɗanda ake danna su sau ɗaya su sauya hoto, da yawansu an gwada su ne a kan wata fata da wani haske, kuma idan aka ɗora su a kan baƙi ko wankan tarwaɗa sukan mayar da fata ruwan goro ko su kashe mata sheƙi. Launin fatar mutane duka yana zaune ne a yankin ja da ruwan goro na manhaja, saboda haka ɗan motsi a wannan yanki yana sauya kamannin mutum. Mai hoto zai haɗu da masu cewa a ƙara musu haske, kuma ya kamata ya bambance haskaka fuska domin a gan ta da kyau da sauya wa mutum launin da Allah ya halicce shi da shi, domin garin neman gira ana rasa ido, kuma hoton da dangi suka kasa gane amarya a cikinsa ya rasa dalilin ɗaukarsa.

Lanƙwasar haske, wato layin da ke nuna yadda kowane matakin haske na asali zai fito a gamammen hoto, ita ce mafi ƙarfin kayan wanki. Idan aka ɗaga samanta kaɗan aka sauke ƙasanta kaɗan, tazarar da ke tsakanin haske da duhu tana ƙaruwa a tsakiya, hoto ya yi ƙarfi, amma duk abin da aka ƙara wa tsakiya an karɓe shi ne daga gefuna biyu, wato daga zanen farar riga da kuma inuwar fuska. Yanayi ma yana da haƙƙinsa, domin hoton da aka ɗauka cikin hazon hunturu yakan zo da tudun jadawalinsa a cure a tsakiya, kuma ko da yake maɓallin kore hazo yana iya share shi, wanda ya share shi gaba ɗaya ya share lokacin da aka ɗauki hoton. Haka cizon launi, wanda ƙara tazarar haske ma yana ƙara shi, don haka ake barin sa sai ƙarshe. Jan atamfa da jan kayan dawaki a hawan Sallah sukan tumbatsa tun kafin sauran launuka, su zama ja ɗaya shafe babu ninki babu zare, shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata kuma yakan zame ya koma shunayya, kuma maganin duka biyun shi ne a rage ƙarfin wannan launi shi kaɗai a bar saura. Kaifafa hoto da share tsaki su ne na ƙarshe, ana duba su ne da hoton a buɗe ɗari bisa ɗari, kuma alamar an wuce gona da iri ita ce farin zare a gefen abubuwa ko fata mai santsin roba.

Duk wannan hukunci ido ne yake yanke shi a kan allon kwamfuta, kuma allo mai haske fiye da kima yana sa a wanke hoto da duhu, a je wurin bugawa a ga ya fito baƙi ƙirin. Ya kamata a rage hasken allon zuwa matsakaici, a yi aiki a ɗakin da haskensa ba ya sauyawa, a buga gwaji ɗaya ko biyu a wurin da aka saba bugawa kafin a kai kundin biki gaba ɗaya, domin takarda ba ta iya nuna tazarar hasken da allo yake nunawa. Wajen fitarwa kuwa, ma'aunin launi na sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka tsara a 1996, shi ne wanda wayoyi da intanet da yawancin gidajen bugu suke tsammani, kuma hoton da aka fitar da faffaɗan ma'auni irin Adobe RGB yana iya bayyana a koɗe a na'urar da ba ta gane shi ba. Tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto yana matse shi, saboda haka wanda za a buga gara a tura shi a matsayin fayil.

Ɗanyen hoto kuma shaida ne, kuma wannan ya fi shafar mai sha'awar aikin jarida. Gasar World Press Photo tana neman fayilolin asali daga waɗanda suka kusa kaiwa ƙarshe, kuma a 2015 ta fitar da kusan kashi 20 cikin ɗari na waɗanda suka kai zagayen kusa da na ƙarshe saboda gyaran da ya wuce ƙa'ida, ciki har da duhunta wuri har abin da ke cikinsa ya ɓace. Saboda haka ba a share ɗanyen hoto bayan an kai aiki, a ajiye shi a wurare biyu aƙalla, ɗaya a wajen kwamfutar da ake aiki da ita, domin fasahar wanki tana ci gaba, kuma fayil ɗin da ya gagara yau yana iya wankuwa da kyau bayan shekara biyar.

Hanyar ƙwarewa a wannan fanni maimaici ce a kan abu kaɗan. Mai koyo ya zaɓi hoto guda mai wuya, irin na dattijo mai farin rawani a bakin zaure, rabinsa a rana rabinsa a inuwa, ya wanke shi sau uku a ranaku uku ba tare da duba na jiya ba, sannan ya jera su ya nuna wa wanda ya san dattijon, ya tambaye shi wanne ne ya fi kama da shi. Amsar da zai samu ta fi duk wani shiryayyen salo amfani, kuma sau da yawa zai tarar cewa wanda aka zaɓa shi ne wanda ya fi taɓawa kaɗan.